Mai Tsohon Mabuɗi

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kun tashi lafiya, kai da Goggo da mutanen layin shago. Yaya idon? Ina fatan kana ɗiga maganin yadda likita ya ce, ba yadda ka ga dama ba.

Takardarka ta iso. Direban motar safe ne ya miƙo mini ita ta taga yana dariya, wai duk kamfanin nan ni kaɗai ake aiko wa wasiƙa, kuma daga hannun mai gyaran waya. Na ce masa mahaifina ya ga cikin waya da yawa, shi ya sa bai yarda da ita ba.

Ka tambaye ni, tunda ba tuƙi nake ba, ba tikiti nake sayarwa ba, me nake yi a kamfanin motoci tun safe har yamma. Na ji daɗin tambayar. Dama na lura kana son kamfanin nan, don ko a gadon asibiti, ido a naɗe, tambayata kake ko motocinmu duk suna isa lafiya. To ga aikin.

Kowace motarmu tana da 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari mai faɗin inda take. Labarin yana zuwa wata babbar kwamfuta a ofis, inda ake ajiye tikiti da sunayen fasinjoji da na direbobi. Wayoyin masu sayar da tikiti, da allon tasha, da manhajar fasinjoji, duk ita suke tambaya. Da na kama aiki na tarar ƙofofin shiga kwamfutar barkatai, kuma duk mabuɗi ɗaya ke buɗe su. Mabuɗin ba ƙarfe ba ne, wani dogon rubutu ne na haruffa da lambobi da na'ura ke nunawa kafin a amsa mata. Wanda ya gina tsarin tun farko ya dasa shi a cikin tsohuwar manhajar masu tikiti, saboda haka duk wayar da aka taɓa sa wa manhajar tana ɗauke da shi, kuma ba wanda ya san adadinsu.

Aikina shi ne in toshe ƙofofin nan duka, in bar mashiga ɗaya da maigadi a bakinta. Kowa da nasa mabuɗin da sunansa a jiki, kuma ɗakin da ya shafe shi kawai yake buɗewa. Allon tasha ya ga lokacin tashi, amma ba ruwansa da sunan fasinja. In aka sace wayar mai tikiti, sai in kashe nasa kaɗai, sauran ba su ma sani ba.

Kowa ya karɓi sabo. Da na ce kowa, har da wanda sai da na bi shi gida. Amma Baba, akwai mutum ɗaya da har yanzu ke ƙwanƙwasawa da tsohon mabuɗi, kuma ban san ko wane ne ba. Ba ya taɓa tikiti, ba ya leƙa sunan fasinja. Mota ɗaya yake tambaya, ina take, shi ke nan. Abin ya tsaya mini a rai, har a wurin cin abinci shi nake tunani.

Na san ba a ɗauko zancen a gabanka, amma zan rubuta shi ƙanana a ƙasa: Yaya yana nan lafiya, ya ɗan yi ƙiba.

A gaida Goggo. Allah ya ƙara girma da lafiya.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Muna nan lafiya. Ido ya washe, har ƙananan kusoshin da a da sai na lalubo su yanzu ina ganinsu a kan tebur. Goggonki ce ke ɗiga maganin, kuma kin san hannunta, rabi a ido rabi a kunne.

Na karanta bayaninki sau biyu, na biyun da madubin aiki. Ashe ke maigadi ce. Shekarun da kika yi a makaranta, da na sani da na haɗa ki da maigadin layinmu ya koya miki a sati. Wasa nake. Aikin ya burge ni, don na san irin ɓarnar. Mutum ya kawo mini waya gyara, in buɗe in tarar rayuwarsa gaba ɗaya a shimfiɗe, ba ko tsinke a bakin ƙofa.

Sai dai ina da tambayoyi, kin san halina, ba na barin abu sai na ga bayansa.

Ta farko. Wannan mabuɗi da kika ce rubutu ne, in kin ba mutum, ke ma kina riƙe da irinsa? In haka ne, wa ke gadin maigadi?

Ta biyu. Shi maigadin naki, fuskar mai ƙwanƙwasawa yake gani ko mabuɗin kawai? Ina nufin, za ki iya bin sawun mutumin nan har inda yake zaune, ko kuwa?

Ta uku, ita ce ta fi ci mini rai. Ranar da kika kashe tsohon mabuɗi, me mutumin zai gani a wayarsa? Hoton ne zai tsaya cik a inda motar take, ko fari zai yi fat, ko wani rubutu zai fito? Ina tambaya ne saboda sana'a. Gobe wani zai iya kawo mini irinta ya ce ta lalace, in yi ta tonon ta a banza.

Ni dai a ganina kada ki yi gaggawa. Mai tambayar abu ɗaya kullum ba lalle mugu ba ne. Akwai wata tsohuwa da ke zuwa shagona ta tambayi ko an gama rediyonta, alhali ta karɓe shi tun bara. Na daina yi mata gyara, kujera kawai nake ba ta.

Abin da kika rubuta a ƙasan takarda na gani.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci, ki bar tunanin mutanen da ba ki sani ba a kan kwano. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gajiyar hanya? Na bar maka wannan a ɗakin direbobi ne saboda in na kira ka kana tuƙi, in ka kira ni ina gaban Manaja. Ka karanta a zaune.

Ka tuna sabon mabuɗin da na sa wa wayarka, kana ta mita wai na hana ka shan shayi? To kowa ya koma sabo, saura mutum ɗaya da ban sani ba, yana shiga da tsohon. Mota ɗaya yake bibiya a duk motocin kamfanin nan, kuma taka ce.

Ba wasa nake ba. Da ka tashi daga tasha yake farawa. Yana nan yana tambaya, ina take, ina take, duk tsawon hanyar nan taka mai gada da daji. Da ka shiga tashar can sai ya yi tsit. Ranar da ba ka da tafiya, sau ɗaya yake leƙowa ya tafi. Satin da aka ba ka wata motar saboda taka tana gareji, sai da ya lalubo ka ya koma kanta. Wato ba motar yake bi ba, kai yake bi.

Ka yi faɗa da wani? Ka taɓa sauke wani a hanya ya yi maka alkawarin sharri? Ko akwai wata da ba ka gaya mini ba? In ita ce, ka faɗa mini in huta, in kuma je in ga mai wannan haƙurin.

Ban gaya wa Baba motarka ce ba. Na ba shi labarin dai, ya kuwa kama shi hannu bibbiyu, tambayoyi har da lamba. Idonsa ya warke. Ba ka tambaya ba, amma na faɗa.

Ka kula da kanka, ka daina tsayawa a wurin mai shayin bakin gada kai kaɗai.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikis salam. Gajiya ta bi lafiya.

Ke dai ba kya rabo da neman magana. Wa zai bi ni? Duk tasha Sannu-Sannu ake kirana, keke ma wuce ni yake. Ɓarawon da ya zauna yana kallon tafiyata barci zai kwashe shi kafin in kai gada.

Ban yi faɗa da kowa ba. Babu wata, in akwai ke za ki fara ji, tunda ba abin da ke wuce ƙofarki. Na tambayi yaran gareji da masu lodi, kowa ya rantse ba shi ba ne.

Amma ba zan ɓoye miki ba, tun da na karanta takardarki nake jin kamar akwai mutum a kujerar bayana. Jiya a hanya na kama kaina ina duba madubi ba dalili. Abin mamaki, ba tsoro na ji ba. Ban san me na ji ba.

Ki rufe kawai. Fasinja nake ɗauka, ba raina kaɗai ba ne a motar. In kin gano shi kuma ki gaya mini, ina son in ga fuskar mutumin da bai gaji da ni ba.

Da kika ce ido ya warke, duka biyun ko ɗaya?

Yayanki

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na yi dariyar hannun Goggo har abokiyar aikina ta leƙo. A gaya mata kunne ba ya yanar ido.

Ga amsoshinka, Malam mai tambaya.

Ta farko: a'a, ba na riƙe da irinsa. Sau ɗaya mabuɗin ke bayyana, ranar da aka yanka shi. Abin da maigadi ke ajiyewa wani tambari ne da aka ciro daga jikinsa, wanda zai gane mabuɗin da shi in an nuna, amma ba za a iya ƙera mabuɗi daga tambarin ba. In mutum ya ɓatar da nasa, sai dai a yanka masa sabo.

Ta biyu: mabuɗin kawai yake gani. Shi ya sa mabuɗin kowa da kowa yake da haɗari, duk wanda ya riƙe shi fuskarsu ɗaya. Ni daga kujerata ba zan iya bin sawu ba. Amma hukuma za ta iya, in ta nemi kamfanin layin waya. Kuma nan ne maganar ta fara zafi, don shugaban masu tsaronmu ya ce a kai wa 'yan sanda, wai mai bibiyar mota ɗaya haka shiri yake yi. Na roƙi Manaja a ba ni zuwa ƙarshen wata.

Ta uku: taswirar za ta tsaya a inda ya gan ta a ƙarshe, sai wani ɗan rubutu ya fito cewa ba a san shi ba. Ba abin da ya lalace, kada ka tone wayar kowa.

Ƙarshen wata zan kashe tsohon mabuɗi, wannan ba makawa. Wanda ke son shiga bayan nan, ƙa'ida biyu ce. Ya faɗi sunansa. In kuma inda wani direba yake yake son gani, sai direban ya sa hannu da kansa ya ce ya yarda. Ni na rubuta ƙa'idar, kuma ina alfahari da ita.

Amma tunda kai ka iya karanta halin mutane daga wayoyinsu, taya ni. Wane irin mutum ne zai yi shekaru yana tambayar abu ɗaya? Don na duba baya, ya daɗe ƙwarai, tun kafin a ɗauke ni aiki.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Albarka ta tabbata gare ki. Lafiya lau muke, sai ruwan sama da ya sa rufin shago ya fara ɗiga daidai kan teburin aiki. Na ja teburin gefe, yanzu duk wanda ya shigo sai ya yi karo da shi.

Maganar tambarin nan ta yi mini daɗi. Na yini ina juya ta. Wanda ya ƙirƙiro wannan ya san mutane.

Amma shugaban masu tsaronku, ki ce na ce ya sha ruwa ya zauna. 'Yan sanda kuma? A kan me? Ku yi tunani mana. Mai shirin tare mota kwana nawa yake bukata? Ya duba yau, ya duba gobe, ya aikata. Ba ya shekara yana kallo. Sannan wane ɓarawo ne zai ga mota ta shiga tasha lafiya ya kife waya ya tafi harkarsa? Ai shi a nan ne ma aikinsa zai fara, ya ga wa ya sauka da me. Wanda ya daina kallo da zarar an isa, isowar yake jira, ba wani abu ba. Kuma hanyar nan ba ta wasa ba ce. Gadar nan kaɗai, in ruwa ya sauka, mota sai ta yi rabin yini a bakinta, mai kallo ba shi da wanda zai tambaya ko lafiya, sai dai ya zuba wa ɗigo ɗaya ido har ya motsa.

Ni ban san shi ba, hasashe nake irin na mai gyara. Wataƙila tsoho ne. Wataƙila yana da wani a motar da ba ya iya kira.

To ga tambaya, kuma ita kaɗai ce yau. Tunda kin ce kowane mabuɗi da ɗakinsa, ba za a iya rage wa tsohon ƙarfi ba? A toshe masa komai, a bar masa 'yar taga ɗaya, motar nan kawai. Ba tikiti, ba sunan kowa. Wa zai cutu? Ba sai an tambaye shi suna ba, wani sunansa nauyi yake yi masa.

Ki duba mini wannan da kyau, ke ce gwanar.

Allah ya tsare ki.

Mahaifinki

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina neman afuwa tun kafin in fara.

Baba, ban taɓa gaya maka yana daina kallo in mota ta shiga tasha ba. Ban ce maka hanyar mai gada ce ba. Na ɗauko kwafin takardun da na aiko maka na bi su layi-layi, babu. Yaya kaɗai na gaya wa.

Da na ajiye takardarka sai na koma baya a rubutun maigadi, ina neman ko akwai lokacin da mutumin ya taɓa yin shiru. Sau ɗaya ne a duk shekarun. Satin da aka yi maka aikin ido, ina zaune a gefen gadonka kana tambayata ko motocinmu duk suna isa lafiya. Ni kuma don wauta na ce ka fi Manaja son kamfani.

Sai na tuna wayar nan mai fasasshen gefe da ke saman kantar shago, bayan gwangwanin kusoshi, kullum a jikin caji. Na taɓa tambayarka, ka ce ta wani ce bai zo karɓa ba.

Na shiga bayi na ofis na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na yi wata ina jin tsoron mutumin nan, ina zana masa fuskar mugu, ashe shi ya koya mini ɗaure takalmi.

Maganar 'yan sanda ta mutu. Na ce wa Manaja na san mai wayar, tsohuwar manhaja ce a hannun wanda ba zai cuci kowa ba, ya ce in rufe kawai a wuce wurin.

Saura tagar da ka roƙa. Na juya ta ta kowace fuska, don Allah ya sani ina so. Ba za ta yiwu ba. Tsohon mabuɗin ba a wayarka kaɗai yake ba, yana cikin wayoyin da aka sayar, da waɗanda aka sace, da waɗanda ban san inda suke ba. In na bar taga a kan motar Yaya, ba kai kaɗai na bar wa ba. Duk wanda ya tsinci irin wayar zai san inda ɗanka yake a tsakiyar daji, kuma maigadi ba zai bambanta shi da kai ba.

Hanya ɗaya ce. In yanka maka naka, da sunanka, Yaya ya sa hannu. Ka ba ni izini in tambaye shi.

Ka yafe mini in na yi rashin kunya.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Ba ki yi rashin kunya ba. Aikinki kika yi, kuma kin iya shi. Da kin bar tagar bayan abin da kika faɗa, da na ji kunyarki.

Wayar ta wani mai tikiti ce. Ya kawo gyara, kafin in gama ya sayi sabuwa, ya ce in cire abin da zan cira in yar da saura. Da na kunna don gwaji sai ga taswira da ɗigo-ɗigo suna tafiya, kowanne da suna. Na ga sunansa, an liƙa masa Sannu-Sannu. Ban san haka suke kiransa ba. Na ce to, aƙalla ba ya gudu.

Ga ta nan na naɗe a cikin ƙunshin, kayan kamfaninku ne. Ba sai kin jira ƙarshen wata ba, ki rufe.

Kada ki tambaye shi. Mutum ba ya sa hannu a bi shi, balle ni. Kada ma ki gaya masa.

In kin samu sarari wani lokaci, ki riƙa rubuta irin abin nan ƙanana a ƙasan takarda. Ido ya warke, ina gani.

Mahaifinki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Yau na kashe tsohon mabuɗi. Dannawa ɗaya ce, abokan aiki har da tafi. Ni kuwa ban tafa ba.

Ka ce in na gano shi in gaya maka. An hana ni, kuma wanda ya hana ni ban taɓa tsallake maganarsa ba sai yau. Buɗe ƙunshin nan.

Ka san aikin waye. Dubi yadda aka liƙe bakin cajin da dalma, dubi batirin, ba nata ba ne, an yanka mata gurbi an dasa. Wayar da ta isa shara tun tuni, an yi ta raya ta. Dubi gilashin ta gefen dama, inda yatsa ya goge shi har ya dushe. Daidai nan sunanka ke fitowa a jerin direbobi.

Tana saman kantarsa bayan gwangwanin kusoshi, tun ba a daɗe da tafiyarka ba. Duk ranar da ruwa ya tsare ka a gada, yana tsaye tare da kai, ba ka sani ba.

Na san abin da ya faɗa maka ranar da ka ajiye masa kayan gyara ka ce tuƙi za ka yi. Ina bayan labule, na ji. Ya ce in ka hau titi kada ka ƙara kiransa. Kai ma ka san ƙaninsa a kan titi ya rasu, kuma ranar da ya faɗa maka maganar nan ko wata uku Innarmu ba ta yi a ƙasa ba. Ba ina ce ya kyauta ba ne. Ina ce dai ku biyun nan kanku ɗaya, kowa ya riƙe magana ɗaya kamar wanda aka ba ajiya.

Tun da ya aiko mini ita ba shi da abin kallo, kuma gobe kana da tafiya. Na sa takardar izini a ƙarƙashin wayar. In ka sa hannu, zan yanka masa mabuɗi da sunansa, motarka kawai zai gani. In ba ka so, hakkinka ne, ni na rubuta ƙa'idar kuma ba zan karya ta ba ko don shi.

Ka tambaya ko duka biyun ne. Duka biyun ne.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya, da Goggo.

Ban iya wasiƙa ba, a yi haƙuri da rubutun.

Auta ta kawo mini takarda in sa hannu. Ban sa ba, kuma ba zan sa ba. Kada a yi mata faɗa, ni na ce sai ta faɗa mini.

Ni ba ɗigo ba ne, Baba. In ana son a san na isa, ni zan faɗa da bakina. Daga gobe, duk tashar da na shiga zan kira lambar shago. An ce kada in ƙara kira, na ji, na kuma bi har na gaji. In ba a son magana, a bari ta yi ƙara sau biyu, zan kashe, an san na isa ke nan. In ruwa ya tsare ni a gada ma zan kira.

Sannan rediyon motata ya daina kamawa tun bara. Masu gyara a tasha sun yi ta cewa in kawo, na hana kowa buɗe shi. Ranar hutuna zan ciro shi in zo da shi, in akwai wuri a kan tebur.

Gobe da safe zan tashi. Ba na gudu, sai wajen la'asar za a ji ni. A bar wayar kusa.

Ɗanka